Ba a cikin kotu Janar Lee ya miƙa wuya ba: tarihin gundumar Appomattox da kotunanta

Wani malamin tarihi a makarantar sakandare ya aiko da tambaya kamar haka: "A littattafai ina ganin an rubuta cewa yaƙin basasar Amurka ya ƙare a Appomattox Court House. Shin a gaban alƙali aka yi sulhun? Kuma ginin kotun yana nan har yau?"

Malam, Allah ya ƙara basira. Wannan suna ya ruɗa mutane da yawa, har da Amurkawan kansu. Ba alƙalin da ya zauna a ranar, kuma ba wanda ya taka cikin kotun. A falon wani ɗan kasuwa mai suna Wilmer McLean aka yi zaman, ranar Lahadi 9 ga Afrilu, 1865. Kalmomin nan uku da kake gani sunan ƙauyen ne gaba ɗayansa. Ginin kotun kuwa, na asalin ya ƙone a 1892, wanda ke tsaye a wurin yanzu an gina shi ne a tsakanin 1963 da 1964. Amma ina roƙonka ka ɗan yi haƙuri da ni, domin labarin wannan kotu ya fi ƙarfin amsar layi biyu, kuma a cikinsa ne za ka ga yadda ƙauyukan Kudancin Amurka suka rayu.

A jihar Birjiniya al'ada ce a kira garin da hukumar gunduma take da sunan gundumar, a ƙara masa kalmomin da ke nufin gidan shari'a. Har gobe akwai garuruwan da ke amsa irin wannan suna, kamar Charlotte Court House da Amelia Court House. Dalilin shi ne a yawancin gundumomin karkara babu wani gari tun farko. Gonaki ne a warwatse, kowane mai gona yana zaune a tsakiyar filinsa da iyalinsa da bayinsa. Sai hukuma ta zaɓi wata mararraba ta gina kotu da kurkuku, sannan mai masauki ya zo, lauya ya kafa ɗan ofishinsa, maƙeri ya kafa maƙera, mai kanti ya buɗe. Kotun ce uwar garin, shi ya sa garin ke cin sunanta.

Gundumar Appomattox ba tsohuwa ba ce idan aka gwada ta da maƙwabtanta. A 1845 majalisar jiha ta yanko ta daga gundumomi huɗu: Buckingham, Prince Edward, Charlotte da Campbell. Sunan na wani kogi ne da ya faro daga yankin, shi kuma kogin ya samo sunansa daga wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar da Turawan Ingila suka tarar a bakinsa. Kukan mutanen yankin shi ne nisa. Kowa yana zaune a gefen gundumarsa, in zai je kotu sai ya kwana a hanya bisa doki, ga taɓo da damina. Kuma zuwa kotu a wancan zamani ba na mai ƙara kaɗai ba ne. Wanda ya sayi gona sai ya je an rubuta. Wanda mahaifinsa ya rasu sai ya kai wasiyya an tabbatar. Mai neman aure can zai karɓo takardar izini. Waɗanda ke zama a kotun dattawan gunduma ne da ake kira alƙalan sulhu, galibinsu manyan masu gonaki waɗanda ba su karanci shari'a ba, kuma su ne ke yanka harajin gunduma, su naɗa masu gyaran hanya, su ba masu masauki lasisi, su naɗa wa marayu waliyyai. Abin da mu za mu raba tsakanin alƙali da hakimi da sakataren ƙaramar hukuma, su a ɗaki ɗaya suke yin sa.

Wurin da aka zaɓa wani ɗan zango ne mai suna Clover Hill, a kan hanyar keken doki da ta haɗa Richmond, babban birnin jihar, da garin Lynchburg. Akwai masauki a wurin tun 1819, wanda iyalin Patteson suka gina saboda matafiya. A 1846 aka gama ginin kotun, na jan bulo, hawa biyu, an dasa shi a tsakiyar hanya har sai da hanyar ta rabu biyu ta zagaye shi. Ɗakin shari'a yana sama. Wani ɗan siyasar yankin, Samuel McDearmon, ya sayi filayen da ke kewaye ya yanka su fuloti-fuloti, yana sa ran gari zai cika ya batse. Bai samu yadda yake so ba, bashi ya yi masa katutu.

Ka kwatanta ranar zaman kotu da ranar kasuwar ƙauye, sai dai ita sau ɗaya take ci a wata. Tun da hantsi dawaki sun cika gindin itatuwa. A sama ana sauraron ƙarar bashi da rikicin iyakar gona, a ƙasa ana cinikin doki, ana gwanjon kayan wanda ya kasa biyan bashi, ɗan takara ya hau kan akwati yana neman ƙuri'a, masu sha suna masauki. Makaɗa ma ba a bar su a baya ba. Joel Sweeney, wanda aka haifa a wannan yanki a 1810, a irin waɗannan taruka ya fara kaɗa banjo kafin ya zaga da ita Amurka da Ingila. Wurin bayi ya koya, domin kayan kiɗan asalinsa na Afirka ta Yamma ne, ƙoƙo da fata da tsirkiya, dangin gurmi. Abin takaici, da fuska shafe da baƙi yake hawa dandamali yana kwaikwayon mutanen da suka koya masa.

Akwai kuma wani ciniki da ake yi a ƙofar irin waɗannan kotuna wanda bai kamata malamin tarihi ya tsallake shi ba. Ƙidayar 1860 ta nuna mutum 8,889 a gundumar, kuma fiye da rabinsu bayi ne, kimanin 4,600. Taba ce abin nomansu na kuɗi, ita kuwa taba aikin hannu take ci tun daga reno har shanya. In mai gona ya mutu da bashi, ko magada suka kasa daidaitawa, a bakin kotu ake gwanjon bayinsa. A farkon kowace shekara kuma ana ba da hayar bayi na shekara guda. Baƙar fatar da ke da 'yanci, su kaɗan ne, doka ta tilasta musu zuwa wurin akawun kotu a rubuta sunansu da kamanninsu da tabon da ke jikinsu, su riƙe takardar a matsayin shaida. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Ƙauyen bai kai shekara goma da kafuwa ba aka yanke masa hanyar abinci. A 1854 layin dogo ya iso gundumar, amma bai bi ta ƙauyen ba, ya wuce ta wajen kilomita 5 daga yamma, aka yi tasha a can. Matafiya suka bar keken doki, ciniki ya fara zamewa zuwa bakin tasha. Ƙauyen ya tsaya cak, abin da ya riƙe shi kawai kotun ce.

Wannan tasha ita ce kuma ta jawo yaƙin zuwa wurin. A farkon Afrilun 1865 Janar Robert Lee, babban kwamandan sojojin Kudu, wato jihohin da suka ɓalle suna yaƙi da gwamnatin tarayya ta Arewa, ya fice daga Petersburg da Richmond ya nufi yamma da rundunar da yunwa ta gama galabaitarwa. Taragun abinci suna jiransa a tashar Appomattox. Ranar 8 ga wata mahayan Arewa ƙarƙashin Janar Custer suka riga shi isa suka kame jiragen. Washegari da asuba sojojin Lee suka yi yunƙurin fasa hanya, sai suka tarar da sojojin ƙafa na Arewa sun tare gaba, a cikinsu har da rundunonin baƙar fata, waɗanda da yawansu a bauta aka haife su. Nan Lee ya san magana ta ƙare.

Ya aiki hadiminsa, Kanar Charles Marshall, ya shiga ƙauyen ya nemo wurin zama. Ranar Lahadi ce, kotu a rufe take. Marshall ya ci karo da McLean, wanda ya fara nuna masa wani gini da babu ko kujera a ciki. Da Marshall ya ƙi, sai McLean ya kai shi gidansa. Shi wannan McLean labarinsa abin mamaki ne. A 1861 yana zaune kusa da Manassas, inda aka yi babbar gwabzawa ta farko a yaƙin, har wani janar na Kudu ya mai da gidansa hedikwata, harsashin igwa ya faɗa masa a madafa. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya dawo wannan lungu, sai ga shi yaƙin ya biyo shi har falo.

Lee ya riga isa, cikin sabon kaki da takobi. Janar Ulysses Grant, babban kwamandan sojojin Arewa, ya shigo bayan azahar da taɓo a takalmansa. Sun yi kamar awa ɗaya da rabi. Sharuɗɗan da Grant ya rubuta masu sauƙi ne: sojoji su ajiye makamai, su yi alkawarin ba za su sake ɗauka ba, kowa ya koma gida ba wanda zai taɓa shi. Hafsoshi su riƙe ƙananan makamansu da dawakinsu. Da Lee ya ce a rundunarsa sojoji da yawa dawakin nasu ne na kansu, Grant ya yarda su tafi da su saboda shukar bazara, ya kuma ba da umarnin a kai musu abincin mutum 25,000. Wanda ya kwafe takardar da kyakkyawan rubutu shi ne Ely Parker, sakataren Grant, ɗan ƙabilar Seneca ta 'yan asalin ƙasar. A tsohon masaukin Clover Hill aka kafa injin buga takardu, aka buga takardun sallama da aka raba wa sojoji sama da 28,000. Ranar 12 ga wata suka yi jerin gwano suka jibge bindigoginsu a gefen hanya.

Wani gyara da za ka yi wa ɗalibanka: yaƙin bai ƙare a ranar ba. Rundunar Lee ce kaɗai ta miƙa wuya. Janar Joseph Johnston ya biyo baya ranar 26 ga Afrilu a wani gidan gona kusa da Durham a Karolina ta Arewa, da sojojin da suka fi na Lee yawa nesa ba kusa ba, wasu kwamandojin kuma sai a watan Yuni. Amma da yake Lee ne ƙashin bayan Kudu, faɗuwarsa aka ɗauka a matsayin ƙarshe.

Sojoji suna watsewa ƙauyen ya koma shirunsa. Hafsoshin Arewa sun kwashe tebura da kujerun falon McLean don tunawa, wasu sun ajiye kuɗi, wasu ba su ajiye ba. Shi kansa ya talauce, ya bar garin a 1867, aka yi gwanjon gidan. A 1891 wani mutumin Niagara Falls mai suna Dunlap ya saye shi, a 1893 aka rushe shi bulo-bulo da nufin a kai birnin Washinton a sake ginawa a riƙa karɓar kuɗin kallo. Kuɗi suka ƙare, kayan suka zauna a fili kusan shekara hamsin, ruwa yana dukansu, masu wucewa suna tsinta.

A farkon Fabrairun 1892 gobara ta cinye kotun. Da aka zo maganar sake gini, mutanen gunduma suka zaɓi a mayar da hedikwata bakin tasha, inda ciniki ya riga ya koma. A shekarar aka gina sabuwar kotu a can. Wurin da farko ana kiransa Nebraska, daga baya West Appomattox, yau kuma shi ne garin Appomattox, mai mutum ƙasa da 2,000 a gundumar da ƙidayar 2020 ta ba ta mutum 16,119. Wannan ba sabon abu ba ne a yankin, domin maƙwabciyarta Prince Edward ta yi haka shekara ashirin kafin nan, ta bar tsohon ƙauyen kotunta ta koma Farmville da ke kan layin dogo. Lauyoyi suka bi kotu, masu kanti suka bi lauyoyi, ciyawa ta rufe tsohuwar hanyar.

A nan nake so in daɗe, domin a ganina abin da ya fi muhimmanci a duk labarin ke nan. Bulo ana sake yin sa. Abin da ya ƙone a 1892 wanda ba ya dawowa shi ne takardun shekara 47: littattafan cinikin gonaki, wasiyyoyi, takardun aure, ƙararraki, lissafin kayan gado. George Peers, wanda ya yi kusan shekara arba'in yana akawun kotun, a hannunsa da yawa daga cikinsu suka bi. Mai gona da ke da kwafinsa a gida yana iya kawowa a sake rubutawa. Wanda ba shi da shi sai shaidu da rantsuwa.

Waɗanda asarar ta fi yi wa illa su ne waɗanda ba su da ko taku ɗaya na ƙasa a lokacin. Duk wanda ya taɓa zama da lissafin kayan gado na wancan zamani ya san yadda shafin yake. Mutum uku da kotu ta naɗa sun zaga gidan mamaci suna rubutawa: gado da katifarsa, dala kaza, tukwane, shanun huɗa biyu, sannan a layi na gaba, da tawada ɗaya da hannu ɗaya, sunan wata mata da ɗanta, da farashinsu a gefe. Karanta shi yana sa jiki ya yi sanyi. Amma ga jikokin matar nan, sau da yawa wannan layi shi kaɗai ne wurin da aka taɓa rubuta sunan kakarsu a duniya. Ƙidayar gwamnatin tarayya ta 1850 da ta 1860 ba ta rubuta sunayen bayi ba. Sunan ubangida ake sawa, a ƙarƙashinsa a jera shekaru da jinsi da launi. Sai a 1870 aka fara ƙidaya su da sunayensu. Saboda haka mai neman asalinsa yakan bi sawu har 1870, daga nan sai ya dogara ga wasiyyar ubangida, ko takardar rabon gado da ta nuna wa aka ba wa, ko ƙarar da magada suka kai juna. In gundumar kakanninsa Appomattox ce, a nan igiyar take tsinkewa.

Abin ya zo da ƙarin ciwo, domin wanda ya ce bari ya koma baya ya duba gundumar da aka yanko yankin daga cikinta, in Buckingham ce, zai tarar ita ma kotunta, wadda Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya zana, ta ƙone a 1869 da takardunta. Wasu gundumomin Birjiniya kuma, irin su Hanover, sun kai takardunsu Richmond lokacin yaƙi don a adana, sai gobarar da ta tashi a birnin ranar 3 ga Afrilu, 1865 ta cinye su. Masu bincike a jihar suna da jerin irin waɗannan gundumomi masu ƙonannun takardu, kuma Appomattox tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa muni.

Abin da ya tsira shi ne abin da aka yi wa kwafi aka aika wani wuri. Jerin masu biyan harajin ƙasa da na dukiya ana tura su Richmond kowace shekara. Tun daga 1853 dokar jiha ta sa a riƙa rubuta haihuwa da mutuwa, har da na bayi, a aika kwafi babban birni. Akwai kuma takardun hukumar da gwamnatin tarayya ta kafa a 1865 don kula da 'yantattun bayi, da littattafan coci, da abin da iyalai suka rubuta a bangon littattafan addininsu. Da waɗannan gutsattsari ake ɗinka tarihin gundumar. Irin wannan rajista ta mace-mace ce ta riƙe mana labarin Hannah Reynolds, baiwar wani likita a yankin. Da safiyar 9 ga Afrilu harsashin igwa ya faɗa gidan da take ya same ta. Ita kaɗai ce farar hular da aka san ta rasa ranta a faɗan. Ba ta cika nan take ba, sai ranar 12 ga wata, ranar da ake jibge bindigogi, kuma wanda ya kai rahoton mutuwarta an rubuta shi a matsayin tsohon ubangidanta. Kwana uku ta yi da 'yanci, tana kwance da rauni. Ina ganin duk malamin da zai ba da labarin Lee da Grant a falo, ya kamata ya ambaci sunanta a darasin.

Game da tambayarka ta biyu: a 1930 majalisar dokokin Amurka ta amince a kafa hasumiyar tunawa a wurin, amma mutanen Kudu da yawa suka ƙi, suna ganin za a yi bikin kayen da aka yi musu ne. Sai aka koma ga shawarar a farfaɗo da ƙauyen kamar yadda yake a 1865. A 1940 wurin ya shiga hannun hukumar tarayya mai kula da wuraren tarihi. Aka sake gina gidan McLean a kan tsohon harsashinsa, da taimakon zanen da aka yi kafin a rushe shi da kuma tsofaffin bulo kimanin 5,500 da suka rage. A bikin buɗe shi a Afrilun 1950, jikan Grant da tattaɓa-kunnen Lee ne suka yanke ƙyalle. Kotun ita ce ta zo daga baya, aka gama ta gab da cikar shekara ɗari da zaman.

Idan Allah ya kai ka, daga waje za ka ga kotun kamar yadda hotunan 1865 suka nuna ta, da matakalarta mai hawa zuwa bene. Ciki kuwa ba ɗakin shari'a ba ne, wurin karɓar baƙi ne da ɗakin nuna kayan tarihi. Masaukin 1819 na asali ne, haka kurkukun bulo da aka gama bayan yaƙi, haka gidan akawu Peers a bakin hanya. Shari'ar gundumar da rajistar filayenta suna can cikin gari kusa da layin dogo, kuma littattafan da ke ofishin akawun daga 1892 suka fara.